Santimita 88: Yadda Wani Gida Ya Tsayar da Girman Wurin Shawa

Banɗakin da ake magana a kansa tsawonsa santimita 250 ne, faɗinsa 170. Idan mutum ya shigo, ƙofar tana ɓangaren dama, tana buɗewa ciki. A jikin bangon hagu kwamin wanke hannu ne farko, sai masai na zama, sannan can ƙurya tsohon bahon wanka da ya tokare bango da bango, tsawo 170, faɗi 70. Mutum biyar ke shiga ɗakin nan kullum: maigida, dogo mai faɗin kafaɗa, uwargida, yara biyu, ƙaramin bai isa yi wa kansa wanka ba, sai mahaifiyar maigida, wadda ta dawo gidan da zama gwiwoyinta sun riga sun fara ciwo.

Ita ce sanadin gyaran. Bakin bahon ya haura santimita 50 daga ƙasa, kuma kafin mutum ya tsallaka shi sai ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan jiƙaƙƙen tayil, ya ɗaga ɗayar ya jefa wuri mai santsi. Matashi ba ya ma lura yana yin haka. Ga dattijuwa kuwa, duk wanka sai an kama ta shiga an kama ta fita, ita kuma ba ta son hakan. Babu wanda ya yi jayayya a kan cire bahon. Inda aka ja daga shi ne girman abin da zai maye gurbinsa.

Tsari biyu da masai ɗaya

Maigida ya zo da nasa lissafin. Akwai ɗakunan shawa da ake sayarwa a haɗe, da farantin ƙasa da gilashi da ƙofa, kuma girman da aka fi samu shi ne 80 sau 80 ko 90 sau 90. Shi na 80 yake so, a kafa a kusurwar dama, santimita 90 da suka rage a gefe a yi kabad na tawul da kayan wanki. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Gidan yana fama da ƙarancin wurin ajiya, aikin ba zai ɗauki kwanaki ba, kuma ba sai an fasa ƙasa ba.

Uwargida kuma ta ce tunda za a yi, a yi na a zo a gani: faɗin ɗakin gaba ɗaya, 170, zurfi 120, ba ƙofa, da babban kan shawa mai faɗi a sama. Ita ke yi wa ƙaramin wanka, ita ke taimaka wa surukarta, don haka ta san yadda mutum biyu ke cika wuri. Dattijuwar ba ta tsoma baki a awo ba. Abu ɗaya ta nema, a samar mata inda za ta zauna.

Kowannensu yana da alƙaluman da ke goya masa baya. Kundin dokokin ginin gidaje na IRC, wanda yawancin jihohin Amurka ke bi, ya ce kada cikin wurin shawa ya gaza murabba'in inci 900, kada gefensa mafi ƙanƙanta ya gaza inci 30, kimanin santimita 76, mashigar kuma kada ta gaza inci 22, kusan santimita 56. A wannan ma'auni, tsarin maigida yana dab da iyaka. Ƙungiyar masu tsara kicin da banɗaki ta ƙasar, NKBA, tana ba da shawarar inci 36 sau 36, wato wajen 91 sau 91. A Jamus kuma, ma'aunin DIN 18040-2, wanda aka yi don gidajen da tsoho da mai rauni za su zauna ba tangarɗa, ya sa 120 sau 120, idan don mai keken guragu ne 150 sau 150. Wannan ya yi kusa da abin da uwargida ke nema. Dokar gini ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kowa sai ya duba ta wurinsa, amma duk inda aka je mafi ƙarancin awon da doka ta yarda da shi amsar tambaya ɗaya yake bayarwa: shin mutum zai iya shiga, ya juya, ya fito lafiya? Jin daɗin wanka ba ya cikin lissafinta.

Tsarin uwargida ne ya fara faɗuwa, kuma masai ne ya kayar da shi. Mai aikin famfo ya auna daga bangon ƙurya zuwa tsakiyar masan, ya samu santimita 130. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar aƙalla santimita 38 daga tsakiyar masai zuwa duk abin da ke gefensa, bango ne ko gilashi, don mai zama ya sami wurin kafaɗa da cinya. Cire 38 daga 130, saura 92. Nan ne iyakar da shawa za ta iya kaiwa idan ba a taɓa masan ba. Kafin a samu zurfin 120 sai an matsar da shi santimita 28. A takarda abin ba ya da yawa. A ƙasa kuwa sai an fasa daɓe, an tono babban bututun masai mai kaurin kusan santimita 11, an sake ba shi gangararsa. Ko da an yi duk wannan, kwamin wanke hannu mai faɗin 60 zai tashi da 54 kacal tsakanin wurin masai da bango.

"Hajiya, zan iya matsar da shi," in ji mai famfon, "amma abin da za ki samu a can shi za ki rasa a nan. Kullum da safe sai mutum ya wanke fuska gwiwar hannunsa na gogar bango."

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa masu son ƙaton wurin shawa ba. Wuri mai faɗi marar ƙofa ba ya riƙe ɗumi. Tururi na tashi ya tsere, iska mai sanyi ta biyo ƙasa ta shigo, duk inda ruwa bai taɓa a jikin mutum ba sai ya ɗauki sanyi. Babban kan shawa kuma mai shan ruwa ne. A Amurka doka ta ƙayyade kan shawa da galan 2.5 a minti, kimanin lita 9.5. Hitar gidan nan lita 50 take ɗauka. Idan ta kai digiri 60 aka surka da ruwan digiri 20 don a samu 40, abin da za a samu bai wuce lita 100 ba, wato wankan minti 10 a irin wancan gudun ruwa, ga mutum biyar na jiran layi. Babban kan na sama tun a nan aka haƙura da shi.

Gwajin kwali

Tsarin maigida ya fi wuyar kayarwa, domin a ido 80 sau 80 ba ƙaramin wuri ba ne. Ya manna tef a tsakar falo, ya zana murabba'in, ya shiga ya tsaya, ya juya, ya ce ga shi har da saura. Mai tayil ne ya ƙi yarda.

"Yallaɓai, tef a ƙasa ba zai gaya maka gaskiya ba. Ƙafa ba ta cin wuri. Bari mu tsayar da kwali."

Aka samo manyan kwalaye aka jingina su da kujeru a kusurwar falo, tsayinsu ya wuce kafaɗa. Kafin a tsayar da su mai tayil ya rage awon zuwa 75, don lambar da ke jikin irin waɗannan ɗakunan awon farantin ne daga waje. Da zarar an ɗora ƙarfen da ke riƙe gilashi da layin da ƙofa ke zamewa a kai, santimita huɗu zuwa shida sun tafi. Maigida ya shiga da busasshen soso, aka ce ya yi duk abin da yake yi a wanka, kada ya rage komai.

Tsayuwa lafiya lau. Cuɗa ƙirji lafiya lau. Da ya ɗaga hannu biyu zai cuɗa kai, gwiwar hannun dama ta bugi bango, ta hagu ta ture kwalin har kujerar da ke bayansa ta motsa. Aka auna shi a haka, hannuwa a kai: daga gwiwar hannu zuwa gwiwar hannu santimita 93. Ya gyara tsayuwa ya fuskanci kusurwa, abin da duk mai amfani da ƙaramar shawa ke yi ba tare da ya sani ba, don daga kusurwa zuwa kusurwa ta 75 sau 75 akwai wajen 106. Hannuwan suka samu wuri, amma da kan shawa na gaske ne da ruwan yana zuba a kafaɗa ɗaya. Sai aka jefar da sabulu ƙasa aka ce ya ɗauko. Ya sunkuya, goshinsa ya taɓa kwalin gaba, bayansa ya ture na baya. Ya koma ya tsuguna a miƙe, yana lalube da hannu. A kwali abin dariya ne. A gilashi mai sanyi, ko a kan famfon ƙarfe da ya fito santimita 10 daga bango daidai ƙugu, ba dariya.

Wannan ne nake ganin kowa ya kamata ya yi kafin ya sayi tayil ko ɗaya, kuma wanda ya fi kowa girman jiki a gidan shi zai shiga. Motsi uku ne ke nuna ko wuri ya isa: ɗaga hannu a cuɗa kai, sunkuyawa a cuɗa ƙafa, da juyawa ana goge jiki da tawul. Na ukun ma ya fi cin wuri, don hannu miƙewa yake yi.

Daga nan aka shigo da kujerar roba aka zaunar da dattijuwar, uwargida ta yi ƙoƙarin tsayawa gabanta. A 75 ko magana babu, gwiwoyin mai zama sun kusa taɓa kwalin. Aka buɗa zuwa 90 sau 90. Mai zama ta samu wuri, mai taimako kuwa ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Da a shawar gaske ne da ƙofa a buɗe za a yi wankan, ruwa na malala tsakar ɗaki, mai taimako ta jiƙe rabi. Sai aka bar faɗin a 90 aka ja tsawon zuwa 170, kujerar a ƙarshe ɗaya tana kallon tsawon wurin. Uwargida ta tsaya, ta durƙusa kamar za ta cuɗa ƙafa, ta miƙe, ta ja da baya, ba ta taɓa komai ba.

"Inna, ya kika ji nan?" maigida ya tambaya.

Ta miƙa hannu ta dafa kwalin dama, ta dafa na hagu, ta ce nan ya yi, ko ina hannunta na kaiwa. Maganar ta fi ƙarfin yadda aka ɗauke ta a lokacin. Ga mai raunin ƙafa, bangon da ke kusa abin dogaro ne. A fili mai 120 sau 120, wanda ya tsaya a tsakiya ya zame babu abin da zai cafka nan take. Ma'aunin ADA na Amurka, wanda ya tsara yadda za a yi wa naƙasassu gini, ya sa shawar da ake zamewa daga keke zuwa kujera ta zama inci 36 sau 36 daidai, ba a yarda a ƙara ba, saboda mai zama ya kai hannu ga famfo da ƙarfen riƙewa ba tare da ya tashi ba.

Abin da kwalin ya fito da shi ke nan: siffa ta fi yawan fili tasiri. Wuri mai 120 sau 120 da mai 88 sau 168 kusan fili ɗaya suke ci, na farko murabba'in mita 1.44, na biyu 1.48. Amma dogon yana ba mutum gefe ɗaya da zai miƙa hannu ko ya sunkuya iya son ransa, ɗaya gefen kuma bango na kusa. Maigida mai gwiwar hannu 93 ba ya bukatar 93 ta kowace fuska. Idan ya fuskanci bangon ƙurya, gwiwoyin hannunsa tsawon wurin suke bi. Idan zai sunkuya sai ya juya. Da wannan aka tsaya: gurbin tsohon baho gaba ɗaya, a ƙara masa zurfi iya abin da masai ya bari.

Inda santimitocin ke zurarewa

Iyakar 92 ɗin daga fuskar tsohon tayil aka auna ta. Da aka ɓamɓare shi sai aka ga bangon ƙurya ya ɗan karkace, samansa ya fi ƙasansa fitowa. Dole a sake yaɓe don ya miƙe, in ba haka ba gilashi da tayil za su nuna karkatar. A kan yaɓen aka shafa maganin hana ruwa shiga bango, sai simintin manna tayil, sai tayil ɗin kansa. Sabuwar fuskar bangon ta matso gaba da santimita 2. Bangon hagu da na dama kowanne ya ci 1. Wurin da aka yi zaton 92 sau 170 ne ya koma 90 sau 168 tun ba a sa gilashi ba.

Sai maganar dokin ƙofa. Birkila ya so ya gina ɗan tudu mai faɗin santimita 10 a bakin wurin don tare ruwa, a ɗora gilashin a tsakiyarsa. Da an yi haka, a wajen ƙafa saura 80, a wajen gwiwar hannu 85. Ga shi kuma tudun shi ne dai tsallaken da aka cire baho dominsa, sai dai ya fi guntu, kuma ɗan guntun tudu ya fi saurin sa tuntuɓe tunda ido ba ya kula shi. ADA ba ta yarda bakin shawar da ake shiga da keke ya wuce rabin inci ba, milimita 13. Aka soke tudun. Gilashin, mai kaurin milimita 8, ya zauna kai tsaye a cikin siririn ƙarfe a ƙasa, su biyun suka ci santimita 2. Abin da ya rage a ciki, daga tayil zuwa gilashi, 88 ne.

A nan ne masu gida suka fi yin asara. A yi yarjejeniya da ma'aikaci a kan 90, shi ya auna daga bulo, kai kana nufin bayan an gama, ranar da aka sa gilashi ka tarar da 83. Duk awon da za a rubuta a takardar aiki a rubuta cewa daga fuskar tayil ne zuwa fuskar gilashi. Bayan wannan ma akwai ɓarayin wuri: kantar sabulu mai fitowa santimita 12 daidai gwiwar hannu, famfon da ke zaune a wajen bango, dakalin zama na siminti. A gidan nan an fafe alkuki mai zurfin santimita 8 a cikin bango don sabulu da kwalabe, aka ɗan karkatar da gindinsa gaba don kada ruwa ya kwanta.

Kujera, famfo da kan shawa

Wannan ɓangare ya fi awon kansa cin lokaci, don wuri ɗaya yana iya yin daɗi ko ya yi ƙunci gwargwadon inda aka sa abubuwa ukun nan.

Masai ya fito santimita 70 daga bangon hagu, don haka mashiga dole ta kasance dama. Aka tsayar da gilashi mai faɗin 100 da tsayi 200 daga bangon hagu, saura 68 a buɗe. Gilashi irin wannan ba abin wasa ba ne. Kowace milimita ta kauri tana da nauyin kilo 2.5 a murabba'in mita, don haka wannan fallen ya kai kilo 40, sai da aka ɗaure samansa da sandar ƙarfe zuwa bangon ƙurya. Kuma irin mai taurin nan ne wanda idan ya fashe yake rugurgujewa ƙanana-ƙanana. Gilashin taga ba ya shiga wurin wanka.

Tsofaffin bututun baho a bangon hagu suke, kuma abu mafi sauƙi shi ne a bar kan shawar a nan. Amma kai da ke bangon hagu tsawon wurin zai riƙa fesa ruwa, ya nufi mashiga kai tsaye. Aka kewayo da bututun zuwa bangon ƙurya, aka sa kan a kan sandar da ake ɗaga shi a sauke, da tiyo na hannu. Yanzu ruwan gilashin yake duka ya gangaro. Bangon hagu kuma ya zama na kujera.

An yi tunanin dakali, aka fasa. Dakali mai zurfin 40 zai cinye wurin har abada, ga mai bukatarsa da marar bukata, kuma tayil ɗinsa sanyi gare shi. Aka ɗaura kujera mai naɗewa a tsayin santimita 45, cikin tazarar 43 zuwa 48 da ADA ta bayar. Idan an naɗe ta ba ta fi 'yan santimitoci fitowa ba, maigida yana tsayawa gaban kan shawa kamar babu ita. Idan an buɗe, mai zama tana kallon tsawon wurin, mai taimako na da fiye da mita ɗaya a gabanta.

Famfon ya jawo muhawara. Uwargida ta so shi dab da mashiga, yadda mutum zai kunna daga waje ya jira ruwa ya yi ɗumi kafin ya shiga. Tunani ne mai kyau, a gida marar tsoho ma shi zan zaɓa. Amma daga kujera zuwa can ya fi mita, mai zama ba za ta iya kashe ruwa ba idan ya yi zafi. ADA ta ce a doguwar shawar da ake shiga da keke, idan tana da kujera, kada famfo ya wuce inci 27 daga bangon kujerar, kimanin santimita 68. Aka sa shi a 60, kuma irin mai daidaita zafi da kansa ne, mai maɓallin da ke tsayar da shi a digiri 38 sai an danna da gangan. Mai son ya jira ɗumi sai ya sauke tiyon ya nuna shi ƙasa.

Ƙarfen riƙewa biyu aka sa, ɗaya a kwance a bangon ƙurya a tsayin 85, ɗaya a tsaye a bangon dama daidai mashiga, inda ake taka jiƙaƙƙen wuri a fita. Ma'aunin da ake bi shi ne ƙarfen ya ɗauki fam 250, wajen kilo 113, don haka sai an kafa shi cikin bango mai ƙwari da dogayen kusoshi. Sandar rataye tawul ba ta maye gurbinsa, sandar kan shawa ma haka, ko da yake hannun mai faɗuwa ba ya tantancewa.

Ƙasa

Tunda babu tudu, gangara ce kaɗai za ta tsare ruwa. Ƙa'idar ita ce kashi 2 cikin 100, wato santimita 2 a kowace mita. Da rariya ɗaya za a sa a tsakiya, sai ƙasan ta gangaro daga fuska huɗu, kuma a dogon wuri irin wannan gefen da ke kusa da rariyar zai yi tsananin gangara, ƙafar kujera ko ta mutum ba za ta zauna daidai ba. Aka sa doguwar rariya a gindin bangon ƙurya, ƙasan ta karkata fuska ɗaya, faɗuwar ba ta kai santimita 2 ba a cikin 88. Da aka fasa daɓen ƙarƙashin baho an samu zurfin santimita 9, ya isa rariyar da lanƙwasar da ke riƙe ruwa don tare wari. Ba kowane gida ke samun wannan sa'ar ba. A bene, inda kankare ne a ƙasa, sau da yawa sai an ɗaga daɓen ɗakin gaba ɗaya ko a koma ga farantin da aka saya. Tsohon bututun mai milimita 40 aka canza da na 50, don wurin da ba shi da tudu ba ya jure ruwa ya taru ko kaɗan.

Tayil ɗin ƙasa ƙanana aka zaɓa, 5 sau 5, masu kaushi, don yawan layukan da ke tsakaninsu na riƙe tafin ƙafa. An shafa maganin hana ruwa a ƙasan banɗakin duka har ya hau bango, sannan kafin a sa tayil aka toshe rariya, aka tare mashiga, aka cika ruwa aka bar shi awa 24 ana duba ko ya ragu.

Bayan an fara amfani da shi

Faɗin 88 bai dami kowa ba. Maigida ba ya bugun komai. Dattijuwar tana shiga da kanta, ta kama ƙarfen mashiga, ta bi na bango har kujera, yawancin ranaku ba ta kiran kowa. Bahon roba na ƙaramin yaron yana shiga a tsaye da tsawon wurin, uwarsa ta durƙusa gefensa. Santimita 50 zuwa 60 na ƙarshen dama kusan a bushe suke zama, nan aka sa maratayin tawul, mutum ya goge jiki kafin ya taka waje.

Abu biyu ba su tafi yadda aka so ba. Na farko sanyi. Mashiga mai 68 a buɗe ta isa ta shigo da iska, musamman idan fankar fitar da tururi na aiki, kuma mai zama ta fi mai tsayuwa jin sa don ba ta motsi. Na biyu yara, waɗanda tiyon hannu a wurinsu abin wasa ne, sai a tarar ruwa ya kai gaban masai. An duba ƙofar gilashi: mai 66 da ke buɗewa waje za ta wuce ba tare da ta haɗu da ƙofar ɗakin mai 75 ba, tunda tsakaninsu akwai 158. Uwargida ta ƙi, ta ce ƙarin gilashin gogewa ne, kuma ranar da ake bukatar a kai wa mutum hannu da sauri ƙofa cikas ce. Aka huda tayil aka sa sandar labule daga bakin gilashin zuwa bangon dama. Ba shi da kyan gani kamar yadda ta so da farko, amma ya tare iskar da ruwan.

Wurin bai isa keken guragu ba, kuma an san da haka. Faɗin ƙofar da ADA ke nema ga keke inci 32 ne, kusan santimita 81, ita kanta ƙofar ɗakin ba ta kai ba. Sai dai tunda babu tudu, kuma gilashin da siririn ƙarfe da 'yan kusoshi yake tsaye, idan bukatar ta zo ana iya cire shi a sa dogon labule ba tare da an taɓa ƙasa ba.

Kabad ɗin maigida kuwa ya ƙare a saman masai, zurfinsa santimita 20. Yana ɗaukar sabulu da ƙananan tawul, manyan sai an ninka su uku, kayan wanki kuma suna nan a kwandonsu a bayan ƙofa.